Yadda ake rubuta kalmomin so da ƙauna da Ibrananci, tun daga zaɓen kalma har zana ta a zobe

Masu neman rubuta kalmar ƙauna da Ibrananci kala-kala ne. Akwai ɗalibin makarantar tauhidi a Bukuru ko Jos wanda darasin Ibrananci ya sha masa kai tun zangon farko. Akwai wadda ta je ziyara Urushalima ta dawo da zoben azurfa mai rubutu, tana so ta san abin da take ɗauke da shi a yatsa. Akwai mai son a buga masa kalma ɗaya a katin aure, akwai kuma wanda sha'awar harsuna ce kawai ta ja shi. Bukatarsu ɗaya ce: su gane kalmar da ta dace da abin da ke ransu, sannan su iya zana ta ba tare da ta rikiɗe ta koma wata ba. Wannan na biyun shi ne inda aka fi faɗuwa, domin a Ibrananci harafi ɗaya ne ya raba masoyi da maƙiyi.

Amma Bahaushe bai shigo wannan fage hannu rabbana ba. Masana harshe sun daɗe da sanya Hausa da Larabci da Ibrananci a babban gida ɗaya, Hausa a reshen harsunan Cadi, sauran biyun a reshen harsunan Samawa. Ga kuma ɗimbin kalmomin Larabci da suka zauna a bakinmu, waɗanda da yawansu suna da 'yan uwa na jini a Ibrananci. Wanda ya taɓa riƙe allo, ko ya iya ajami, ya riga ya ci rabin tafiyar.

Mataki na farko: shirya hannu da kunne

Nemi takarda mai layi da fensir. In kana son rubutun ya yi kyan gani, nemi alƙalamin kara irin na makarantar allo, ka fiƙe bakinsa da ɗan faɗi, ka haɗa da tawada. Shi ya fi biro fitar da siffar haruffan, saboda a Ibrananci layin da ke kwance shi ne mai kauri, na tsaye kuma siriri.

Haruffan 22 ne, dukansu baƙaƙe. Daga dama ake farawa a nufi hagu, kamar Larabci, sai dai ba a haɗa su: kowane harafi yana tsaye shi kaɗai a cikin ɗan fili mai kusurwa huɗu. Babu babban baƙi da ƙarami. Guda biyar, wato kaf da mem da nun da pe da tsadi, suna sauya kama idan suka zo ƙarshen kalma, kuma uku daga cikinsu za mu ci karo da su nan gaba. Marubutan Attaura a fata sukan ja layi su rataye haruffa a ƙarƙashinsa maimakon su ɗora su a kai. Kai ma ka yi haka, ka ɗauki layin sama a matsayin rufin da kowane harafi zai taɓa. Rubutunka zai miƙe.

Sai batun furuci. Idan ka ga Turawa sun rubuta wata kalmar Ibrananci da "ch", kada ka karanta ta da "c" irin ta caca ko ciki. Sau da yawa harafin het suke nufi, wanda asalinsa ح ne na Larabci. Yahudawan Yaman har yau haka suke furta shi, amma akasarin mutanen Isra'ila sun mayar da shi kamar خ. A nan zan riƙa rubuta shi da "h", kaf mai gurzawa kuma da "kh". Akwai kuma sautin "v" da babu shi a Hausa. Ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ka fitar da murya. In ka ce "ahaba" za a gane ka, amma a ji baƙo ne.

Mataki na biyu: zaɓi kalmar tun kafin ka taɓa alƙalami

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Yadda Bahaushe ba ya haɗa so da ƙauna da bege da tausayi a tukunya ɗaya, haka Ibrananci ma ya rarrabe.

Uwar kalmomin ita ce *ahava*, אהבה. Ta kwashe so da ƙauna da soyayya baki ɗaya. Da ita uba ke son ɗansa, miji ke son matarsa, bawa ke son Ubangijinsa, kuma da aikatau ɗinta ne mutumin Tel Abib zai ce yana son kofi, daidai yadda mu ma muke cewa "ina son shayi". Tushenta baƙaƙe uku ne: alef, he, bet. Umarnin nan na Littafin Firistoci 19:18, cewa ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka, da wannan tushe ya buɗe: *ve'ahavta*. Idan ka rasa wadda za ka ɗauka, ɗauki *ahava*, ba za ka ji kunya ba. A ƙarshe ake ɗaga murya wajen furta ta, a kan "va".

Za ka ji masu wa'azi suna cewa *ahava* ta fito ne daga *hav*, wato "ba da", don haka so bayarwa ne. Darasi ne mai daɗi, kuma ba laifi a yi wa'azi da shi, amma ka san cewa a nahawu tushensu daban-daban ne. *Hav* ɗan uwan *wahaba* ne na Larabci, inda muka samo sunan Abdulwahabu. Haka nan kada ka ɗauki bayanan da ke yawo a intanet masu fassara kowane harafi da hoto, wai alef sa ne, bet gida ne, saboda haka kalmar tana nufin kaza. Sunayen haruffan dai suna da wannan asali, amma ba haka ake gano ma'anar kalma ba.

Da yawa suna zaton *ahava* ita ce 'yar uwar *hubbu* ta Larabci saboda amonsu ya yi kama. Ba ita ba ce. "H" ɗin *ahava* mai sauƙi ne, na *hubbu* kuwa daga maƙogwaro yake. 'Yar uwar ta gaskiya ita ce *hiba*, חיבה, mai tushen het, bet, bet. Daga nan aka sami *haviv*, חביב, wanda shi ne Habibu ɗinmu sak. *Hiba* shaƙuwa ce, ƙauna mai sanyi wadda ba ta da zafin soyayya: ta aboki, ta malami da ɗalibinsa, ta kaka da jika. Ƙungiyar Yahudawan Gabashin Turai da ta taso a shekarun 1880 da begen komawa ƙasar kakanninsu, da wannan kalma ta yi suna, Hibat Tsiyon.

Sai *hesed*, חסד, wadda a ganina ta fi duka nauyi, kuma ita ce ta fi ba masu fassara wahala. Ba abin da ake ji a zuciya ba ne kawai, abin da ake aikatawa ne: alheri haɗe da amana da riƙon alkawari, musamman ga wanda ba shi da ikon tilasta maka. Ta zo kusan sau 250 a littattafan Ibrananci masu tsarki, kusan rabi a Zabura. Zabura ta 136 ayoyi 26 gare ta, kuma kowace aya da amshi ɗaya take rufewa, *ki le'olam hasdo*, wato *hesed* ɗinsa na har abada ne. Idan kana son ganin ta a aikace, duba labarin Rut. Mijinta ya rasu, surukarta Na'omi ta sallame ta ta koma gidan iyayenta a Mowab, babu wanda zai zarge ta in ta tafi, amma ta ƙi, ta bi tsohuwar zuwa Baitalami ta riƙa kalar hatsi a gonar mutane tana ciyar da ita. Wannan shi littafin ya kira *hesed*. Daga kalmar ne aka sami sunan Hasidawa, Yahudawan nan masu baƙaƙen riguna da huluna. Ta dace da kyautar da za ka ba wanda ya riƙe ka a lokacin wuya, ko ma'auratan da suka shekara talatin tare. Ba kalmar zance ba ce, kada ka aika wa budurwa. A farko ake ɗaga murya, a kan "he". Kunnenka zai ji kamar hassada, domin baƙaƙensu uku iri ɗaya ne da na kalmar Larabcin, amma ma'anar ta yi hannun riga.

*Rahamim*, רחמים, ba sai an yi maka dogon bayani ba, rahama ce. Ta fito daga *rehem*, mahaifa, kamar yadda a Larabci ma *rahma* da *rahim* suke tushe ɗaya. Tausayi ne irin na uwa, jin ƙai ga mai rauni. A harshen Aramaik wannan tushe shi ne ma kalmar so ta yau da kullum. Wurinta addu'a, ko gaisuwar marar lafiya.

Akwai kuma sunayen da ake kiran wanda ake so. *Dod*, דוד, shi ne masoyi a Waƙar Waƙoƙi, ɗaya daga littattafan Ibrananci masu tsarki, *dodi* kuma "masoyina". Baƙaƙen nan uku su ne dai na sunan Dawuda. Sai ka yi hattara: a Ibranancin yau *dod* kawu ne ko baffa, *doda* kuma gwaggo ko inna. Wanda ya rubuta wa yarinya *dodati* yana zaton ya ce "masoyiyata", gwaggonsa ya kira ta. Abin da namiji ke kiran mace da shi a wannan littafi shi ne *ra'yati*, רעיתי, abokiyar zamana, kuma a yau *ra'ya* matar aure ce cikin girmamawa. *Yadid*, ידיד, amini ne. Ɗan uwan *wuddu* ne na Larabci, inda sunan Allah Al-Wadud ya fito, domin "w" na farkon kalmar Larabci yakan zama "y" a Ibrananci, kamar *walad* da *yeled*. In kuwa maganar yau kake so, mafi sauƙi shi ne *ahuvi*, אהובי, ga namiji, da *ahuvati*, אהובתי, ga mace.

Ta ƙarshe *teshuka*, תשוקה, sha'awa ce mai ƙarfi, jan da jiki da zuciya ke yi zuwa ga wani. Sau uku kacal ta zo a tsofaffin littattafan. Ka tuna ta da shauƙi. Tsakanin miji da mata take, ba a katin da jama'a za su gani ba.

Mataki na uku: zana ahava harafi bayan harafi

Ka ware gida huɗu masu girma ɗaya, ka fara daga na dama.

Alef, א. Ja layi mai kauri a karkace, daga sama ta hagu ya gangaro ƙasa ta dama. Sai ɗan hannu daga sama ta dama ya sauko ya taɓa layin. Sai 'yar ƙafa ta fito daga layin ta sauka ƙasa ta hagu. Kada hannun da ƙafar su haɗu a wuri ɗaya, in ba haka ba ka rubuta X ne na boko. Hannun ya taɓa layin ɗan ƙasa da tsakiya, ƙafar kuma ta fito ɗan sama da tsakiya. Alef ba shi da sautin kansa, kamar alif mai ɗauke da hamza yake.

He, ה. Ɗauke shi kamar rumfa mai dirka biyu, ta dama ta riƙe rufi, ta hagu ba ta kai ba. Ja rufin daga hagu zuwa dama, ka karyo ƙasa ba tare da ɗaga alƙalami ba. Sannan ka ɗaga, ka bar 'yar tazara ƙarƙashin rufin ta hagu, ka ja gajeriyar ƙafa zuwa ƙasa. Wannan tazara ita ce ran harafin. Da zarar ta toshe, he ya zama het, ח.

Bet, ב. Rufi daga hagu zuwa dama, a karyo ƙasa, sannan a shimfiɗa layin ƙasa mai kauri wanda zai ɗan zarce bangon dama, ya bar ɗan wutsiya a baya. Bakinsa hagu yake kallo. In babu wutsiyar, kusurwoyin kuma suka zagaye, ka rubuta kaf ne, כ. Bet mai ɗigo a ciki "b" ne, marar ɗigo "v" ne. A *ahava* babu ɗigo. Kada kuma ka sa vav, ו, a madadinsa don shi ma "v" ake furta shi. Kalmar da bet ake rubuta ta.

He na biyu, irin na farko. Shi ba a furta shi, alama ce cewa kalmar ta ƙare da "a" kuma mace ce.

Ga hanyar bincike da masu hisabi za su ji daɗinta. Jerin haruffan Ibrananci shi ne jerin abajada, kuma lambobinsu ɗaya ne da waɗanda malamanmu suka sani tun daga alif har nun: alef 1, bet 2, gimel 3, dalet 4, he 5, haka har nun 50. *Ahava* ke nan 1 da 5 da 2 da 5, jimla 13. In ka lissafa ka sami 16, het mai 8 ya kutso a madadin he. Malaman Yahudawa suna son nuna cewa *ehad*, "ɗaya", shi ma 13 ne.

Idan fili ya yi maka kaɗan a kati, kana iya jera haruffan biyu a sama biyu a ƙasa: alef da he a sama, bet da he a ƙasa, kowane layi daga dama. Haka Ba'amurken nan Robert Indiana ya jera su a sassaƙen ƙarfen da ya yi a 1977, wanda ke Gidan Tarihin Isra'ila a Urushalima.

Mataki na huɗu: haruffan da ke yaudarar ido

Sauran kalmomin ba su da wuyar zanawa, sai dai kowace tana da tarkonta.

Mafi haɗari shi ne dalet, ד, da resh, ר. Dukansu rufi ne da ƙafar dama kawai. Dalet kusurwarsa a tsaye take, rufin ya ɗan zarce ƙafar ta dama. Resh kuwa kafaɗarsa a zagaye take, babu abin da ya zarce. *Hesed* het ne, samekh, dalet. In ka zagaye kafaɗar dalet, ka sami חסר, *haser*, wato "babu" ko "ya gaza". Haka *dod* zai koma *dor*, tsara ko zamani. Marubutan Attaura sun san wannan haɗari: a Maimaitawar Shari'a 6:4 sukan rubuta dalet ɗin *ehad* da girma fiye da sauran haruffa, kuma bayanin da aka fi bayarwa shi ne don kada a karanta *aher*, "wani dabam", a wurin da ake cewa Ubangiji ɗaya ne.

Samekh, ס, a rufe yake kuma a zagaye. Mem na ƙarshen kalma, ם, shi ma a rufe yake amma ƙasansa a shimfiɗe, mai kusurwa. *Rahamim* tana da mem iri biyu: resh, het, mem buɗaɗɗe, מ, yod, sannan mem rufaffe. Kada ka musanya su.

Yod, י, shi ne ƙaramin cikinsu, a maƙale da layin sama yake, ba ya sauka. In ka ja shi har ƙasa ya zama vav, in ka zarce layi ya zama nun na ƙarshe, ן. A *dodi*, דודי, dukansu biyu suna nan: dalet, vav, dalet, yod.

Ga kuma abin da na ambata tun farko. Mai so shi ne *ohev*, אוהב. Maƙiyi shi ne *oyev*, אויב. Harafi na uku kaɗai ya bambanta su, he a ɗaya, yod a ɗaya. Haka *ahava* da *eva*, איבה, wato ƙiyayya. Sannan *re'a*, aboki ko maƙwabci, da *ra*, mugu, rubutunsu ɗaya ne in babu wasali: רע. Shi ya sa ban ba ka shawarar ka rubuta wannan kalma ita kaɗai ba.

Mataki na biyar: wasula, in ana bukatarsu

Jaridu da saƙonnin waya a Isra'ila ba sa sa wasali, kamar dai jaridun Larabawa. Ana sa shi a littattafan addini, da waƙe, da littattafan yara. Tsarin ɗige-ɗigen da ake amfani da shi yau malaman da ake kira Masoret ne suka daidaita shi a garin Tibariya, bakin tafkin Galili, tsakanin ƙarni na 7 da na 10. Suna kiransa *nikud*.

Yawancinsu a ƙarƙashin harafi suke zama. Gajeren layi a kwance, *patah*, "a" ne. Ka lura, a wurinmu wasali a ƙasa kisira ce, a nan kuwa fataha ce ta sauko ƙasa. Layin da aka ɗiga masa 'yar ƙafa, *kamats*, shi ma galibi "a" ne. Ɗigo uku masu siffar murhu a kife, *segol*, "e" ne. Ɗigo ɗaya a ƙasa, *hirik*, "i" ne, ba yamala ba ce irin ta ajami da muke karantawa "e". Vav mai ɗigo a ka "o" ne, mai ɗigo a ciki "u". Ɗigo biyu a tsaye, *sheva*, yawanci ɗauri ne.

Da wasali ke nan: אַהֲבָה da חֶסֶד da רַחֲמִים. A *ahava*, ƙarƙashin he na farko akwai *patah* haɗe da ɗigo biyu, alamar "a" mai saurin wucewa.

Wani abu da ke rikita masu koyo: *hiba* rubutu biyu gare ta. Da wasali חִבָּה ce, babu yod, ɗigon cikin bet kuma aikin shadda yake yi. In babu wasali sai a ƙara yod, חיבה, don ya nuna "i". Dukansu daidai ne, kuma Cibiyar Harshen Ibrananci da aka kafa a Urushalima a 1953 ita ke tsara ƙa'idar. Abin da ba a so shi ne ka haɗa biyun.

Mataki na shida: "ina son ka" ko "ina son ki"

Nan Bature ke tuntuɓe, Bahaushe kuwa ya wuce sumul, domin mun saba bambanta ka da ki. Ibrananci ma haka ne, har ma amon ya yi kusa: *otkha* ga namiji, *otakh* ga mace. Ƙarin da aka yi shi ne aikatau ma yana bin jinsin mai magana: namiji *ohev*, mace *ohevet*.

Namiji ga mace: *ani ohev otakh*, אני אוהב אותך.
Mace ga namiji: *ani ohevet otkha*, אני אוהבת אותך.
Ɗa ga mahaifinsa: *ani ohev otkha*. 'Ya ga mahaifiyarta: *ani ohevet otakh*.

Ka duba da kyau, *otkha* da *otakh* rubutunsu ɗaya ne in babu wasali, kuma dukansu sun ƙare da kaf na ƙarshe, ך, mai doguwar ƙafa da ke zarce layin ƙasa. In kana so kada a yi shakka, sa wasali a wannan kalmar kaɗai: אוֹתְךָ ga namiji, אוֹתָךְ ga mace. Idan 'ya'ya ne suka haɗu za su rubuta wa uba, sai su ce *anahnu ohavim otkha, aba*.

Idan *ahava* za ta jingina da wata kalma, he na ƙarshe yakan koma tav, ת, daidai yadda rahama ke komawa Rahamatu. *Ahavat olam*, אהבת עולם, ƙauna ta har abada. *Ahavati*, אהבתי, ƙaunata, sai dai waɗannan baƙaƙe ana iya karanta su *ahavti*, "na so". Wajen rufe wasiƙa kuwa, *be'ahava*, באהבה, "cikin ƙauna", sai sunanka a ƙasa. Tav yana kama da het, amma ƙafarsa ta hagu tana da ɗan tafi da ya leƙo waje.

Jimlar da aka fi gani a zoben aure ita ce ta Waƙar Waƙoƙi 6:3, *ani ledodi vedodi li*, אני לדודי ודודי לי. Ma'anarta: ni ta masoyina ce, masoyina kuma nawa ne. A littafin mace ce ke faɗar ta, ko da yake yau ango da amarya duk suna sa ta. Kalma huɗu ce, haruffa 15. Lamed, ל, shi kaɗai ne harafin da wuyansa ke ɗagowa sama da layi, don haka a bar masa fili.

Mataki na bakwai: a waya da kwamfuta

A waya, shiga saitin allon rubutu, wajen harsuna, ka ƙara Ibrananci. Za ka ga an rubuta עברית. A kwamfuta mai Windows, bayan ka ƙara harshen, danna maɓallin Windows tare da dogon maɓallin tazara don sauyawa. Ko babu haruffan Ibrananci a jikin maɓallanka, ga inda suke: *ahava* T, V, C, V. *Hesed* J, X, S. *Rahamim* R, J, N, H, O. *Hiba* J, H, C, V. *Dodi* S, U, S, H. Kai dai ka buga su a jere daga harafin farko, kwamfutar za ta tura su daga dama da kanta. Arial da Times New Roman duk suna ɗauke da haruffan. In kana son irin na littattafai da jaridun Isra'ila, nemi Frank Ruehl.

Matsalar tana tasowa ne idan aka kwafe rubutun aka kai manhajar zane da ba a saita ta don harsunan dama zuwa hagu ba. Sai ta juya jerin, *ahava* ta fito הבהא, kuma mai shagon buga kati ba zai lura ba tunda bai san harshen ba. Gwajin mai sauƙi ne: alef ya kasance a can ƙarshen dama. A *hesed* het ne a dama, a *rahamim* resh ne a dama, mem rufaffe a hagu. Duk inda ka ga harafin ƙarshe, ם ko ך, a gefen dama na kalma, an juya ta.

Mataki na takwas: kafin ka miƙa wa maƙeri ko mai ɗinki

Kada ka tura masa rubutu ta WhatsApp ya kwafa. Buga shi da girma a takarda, ko ka ɗauki hotonsa, ka ja kibiya da ke nuna sama da kuma inda ake farawa. Ka zagaye wurare uku da jan biro ka nuna masa da yatsa: tazarar he, wutsiyar bet, kusurwar dalet. A ɗinkin zare, tazarar he ce ke fara toshewa saboda kaurin zaren, don haka a buɗa ta fiye da yadda take a takarda. A zobe siriri ka bar wasula, domin ɗige-ɗigen kan cuɗe su zama tabo.

Idan aya za ka sa, duba ko tana ɗauke da sunan Ubangiji mai haruffa huɗu, kamar Maimaitawar Shari'a 6:5. Yahudawa ba sa rubuta wannan suna a kan abin da zai iya faɗuwa ƙasa ko a shiga da shi bayan gida, kuma takardar da ke ɗauke da shi ba a jefa ta a shara, adana ta ake yi a binne. A rubutun yau da kullum he ɗaya suke sawa da 'yar alama a gefe, ה׳. Mu da muke tsince takarda mai sunan Allah daga ƙasa ba baƙin wannan ladabi ba ne, kuma ya kamata a kiyaye musu shi.

Daga nan ka sa ya fara gwadawa a kan guntun gwangwani ko ƙyallen da ba a so. Ɗauki hoton gwajin, ka ajiye shi gefe da gefe da takardarka, ka bi harafi-harafi daga dama kana kiran sunansu da baki: alef, he, bet, he. In akwai malamin Ibrananci a kusa, ko ɗalibin da ya yi nisa, miƙa masa ba tare da ka gaya masa abin da kake nufi ba, ka ce ya karanta. In abin da ya fito daga bakinsa shi ne abin da ka nufa, sai a hau azurfar.